Layi Na Uku

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gadar rafi ta rufta da safen nan. Sabuwar, wadda aka zuba wa siminti jiya-jiyan nan. Ta rufta da Mai Amalanke da shanunsa biyu da lodin albasa. Sa ɗaya ya karye, a wurin aka yanka shi. Shi kuma an jawo shi daga ƙarƙashin amalanken da ransa, amma waɗanda suka ga ƙafarsa ta dama ba sa son a tambaye su. An tafi da shi asibitin birni a bayan motar kaya.

Ba a yi rabin awa da tafiyarsu ba aka kece da ruwa, irin wanda ba mu gani ba tun faɗuwar damina. Rafi ya cika ya yi gaba da albasa da katako da duk abin da ya tarar. Allona ma ya wanke shi tas.

Shekara goma sha tara ke nan, tun ina koyarwa, kullum ƙarfe shida na safe ina tsaye da alli a bangon shago ina rubuta wa garin nan labarinsa. Sau nawa ruwa ya ɓata mini aiki ina tsine masa. Ban taɓa jin daɗin ya wanke mini rubutu ba sai yau.

Ga layukan yau, kamar yadda na saba kwafe su a littafin nan:

1. Masu allurar yara za su zo ranar Asabar, a harabar makaranta.
2. Farar tunkiya mai baƙin kunne ta shiga gidan mai injin niƙa. Mai ita ya zo da shaida.
3.
4. Motar kasuwa ta Litinin ƙarfe bakwai za ta tashi, ba takwas ba.

Na ukun a kan gada yake. Ina sane da shi, hannuna ne ya ƙi.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na rubuta labarin jiya a layi biyu, alli ya karye mini sau uku. Ina cikin yi Mai Shago ya iso yana kaɗa makullai.

"Malama, jiya me kika sa mana ne? Na makara, na tarar ruwa ya riga ni karantawa."

Na ce, "Allura da tunkiya da mota."

Ban yi ƙarya ba. Na dai ƙirga uku na tsaya.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Birkila ya zo. Ƙanen mijina ne, autansu, shi ya gina gadar. Kullum in zai shigo gidan nan tun daga ƙofa ake jin sa: "Matar yaya, me aka ajiye wa ƙaramin miji?" Ni kuma in ce masa ƙanzon tukunya. Shekara talatin muna wannan shirme, ba mu gaji ba. Yau sallamarsa ma da ƙyar na ji ta. Ya wuce rumfar da yayansa ke ɗinki ya zauna a ƙasa, wandonsa duk laka.

"Yaya, wallahi na tare hanyar. Duro na mirgino na sa a tsakiya, na jibga ƙaya hagu da dama. Simintin kwana ɗaya! Ko akuya ban yarda ta hau ba sai ya yi sati uku. Wa zai ga duro da ƙaya ya kora shanu a kai?"

Tela, mijina, bai ɗago daga kan keke ba. Ya ce, "Ina duron yanzu?"

"Ruwa ya tafi da shi."

"Wa ya ga ka sa shi?"

"Leburorina. Su kuma 'yan wani gari ne, an ce ai dole su bi bayan wanda ya ɗauke su aiki."

Na kawo masa shayi. Ya karɓa ya ce, "Sannu, matar yaya." Na koma ɗaki na hau ninke kayan da na riga na ninke.

Juma'a, 8 ga wata, tsakar rana

In an tambaya, ciwon kai nake yi. Ƙalau nake.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Masu allura sun zo. An roƙe ni in taya su rubuta sunayen yara, na zauna a tsohon ajina ina yi. Ba a banza ake cewa bakin mutane ya fi wuta ci ba. Tun daga farkon layi har ƙarshe zancen ɗaya ne. Wata ta ce siminti buhu ashirin aka ba Birkila, ya zuba goma. Kafin a kai ƙarshen layi ya koma biyar. Wata ta rantse ta ga sabon daɓe a ɗakin matarsa. Daɓen nan ni na san shi, ya girmi 'yarsu ta fari.

Na ce, "Ke, da idonki kika gani?"

Ta ce, "A'a Malama, ji na yi."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, irin yadda na saba, sai na fasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ce ta miƙo hannun yaron.

Tunkiya: mutum uku sun zo, kowa ya ce tasa ce. Mai injin niƙa ya ce ba zai ba kowa ba, kuma ta cinye masa dusa rabin kwano.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na share tsakar gida sau biyu. Na zauna, na tashi, na sake zama.

Ƙa'idata ɗaya ce tun ranar da na fara: abin da ban gani da idona ba, ko ban ji daga bakin mai shi ba, ba ya hawa allo. Ni ganau ce, ba jiyau ba, kowa ya sani. Na taɓa tafiyar awa guda da ƙafa don in tabbatar 'yan biyu aka haifa ba 'yan uku ba. Shi ya sa in gardama ta kaure a garin nan, abin da ke raba ta shi ne, "Malama ta rubuta."

To sai ga wayar Mai Shago. Tun da ya sayo mai babban gilashin nan ya zama shi ne mai labari. Ranar Litinin, a gaban mutane, ya ce, "Ku matsa ga Gidan Rediyon Jiya nan ta iso." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma maganar ta yi mini ciwo.

Ranar Talata da yamma ina zaune a ƙofar gida, leburori suka wuce da baro da shebur a wanke fes, suna raha. Na ce a raina, an gama ke nan, kuma wannan wayarsa ba za ta riga ni ba. Daga nan zuwa rafi tafiyar minti goma ce. Gidan Birkila ma bai kai haka ba. Gwiwata tana ciwo, na ce da safe na leƙa. Da safe kuma na ce ai na riga na gani.

Sauri ya haifi nawa. Ni da bakina na koya wa yara wannan.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Wa da wa suka wuce ta gaban allo tsakanin shida da bakwai ranar nan? Na lissafa: tsoho mai gadin makaranta, ba ya karatu. Mata biyu masu zuwa famfo, ban ga fuskarsu ba. Shi kansa Mai Amalanke ba ya karatu.

To wa ya faɗa masa?

Talata, 12 ga wata, yamma

Na sake lissafawa. Amsar ba ta canja ba.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mako guda. Mutane sun koma tsallake rafi ta tsohuwar mashiga, ana naɗe wando ana ɗora yara a wuya. Na je har can da gwiwar tawa, ga shi ta kai ni lafiya lau. Minti goma sha ɗaya, na duba agogo. Gadar tana nan bakinta a wage, ƙarafa sun fito sun lanƙwashe. Na tsaya ina dube-dube ko zan hangi duro a cikin ciyawa, kamar in na gan shi wani abu zai sauya.

Labarin allo na yau: an samu ƙaruwa a gidan wanzami, mace. Kaji suna mutuwa a unguwar gabas, a daina barin su suna yawo. Direban motar kaya ya ce an yi wa Mai Amalanke aiki a ƙafa, bai fara magana sosai ba.

Da na rubuta "bai fara magana ba" na ji wani sanyi a ƙirjina, irin na wanda aka ɗaga wa ƙafa. Kunyar wannan sanyin ta hana ni cin abincin rana.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tela ya ce, "Malama, kwana biyu ba ki yi mini faɗa ba. Lafiya?"

Na ce ya rabu da ni. Ya ce, "Yawwa, yanzu na ji matata."

Kaza ta ture murfin tukunya na zabura har na buge goshi da ƙofa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An yi taro a harabar makaranta. Mai gari ya zauna a kujerar hedimasta, maza a benci, mu a baya. Birkila ya tsaya ya maimaita maganar duro da ƙaya. Wani ya ce, "To kawo duron mu gani." Aka yi dariya. Mutanen da ya gina wa ɗakuna, waɗanda ke kwana a ƙarƙashin aikin hannunsa ruwa bai taɓa ɗigo musu ba, su ne ke dariyar.

Ya ce, "Ku fasa abin da ya rage ku duba. In siminti bai ji ba ku ɗaure ni."

Aka ce abin da ya rufta ai ya riga ya ba da amsa.

Mai gari ya yanke cewa a dakatar da shi daga ginin ɗakin shan magani da ake shirin farawa, har sai Mai Amalanke ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Kowa ya san ma'anar wannan. Wanda gari ya cire wa hannu daga aikinsa, wa zai kira shi ko gyaran murhu?

Sai mai gari ya waiwayo ya neme ni da ido. "Malama, ki sa mana a allo gobe, don kowa ya san an yi adalci."

Na miƙe. Wallahi na miƙe da niyya. Kowa ya juyo, Mai Shago ya ɗago daga wayarsa. Na ji bakina ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na rubuta.

Allon nan Birkila ne ya yi mini shi. Shi ya shafe bangon da siminti mai laushi, ya goge shi da hannunsa, ya shafa baƙin fenti har sau uku, bai karɓi ko sisi ba. Ya ce ladansa in koya masa karatu. Ya zo sau huɗu, ya ce haruffa suna yi masa yawo kamar tururuwa, ya gudu. Har yau ba ya karanta komai sai lambobin tef ɗin awo.

A kan wannan allon na rubuta an dakatar da shi.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Mun haɗu da Birkila a hanyar famfo. Ya ce, "Ina wuni, Malama."

Malama.

Litinin, 18 ga wata, hantsi

An raba gardamar tunkiya. Wata tsohuwa daga ƙarshen gari, wadda ba ta cikin masu rantsuwar nan uku, ta zo ɗauke da ɗan rago a kafaɗa. Ta dire shi a ƙofar gidan mai injin niƙa, ya yi kuka sau ɗaya, tunkiya ta tsinke igiya ta fito a guje. Na sa a allo, mutane sun ji daɗin labarin.

Ni ban ji ba. Tunkiya ma ta amsa kiran nata.

Talata, 19 ga wata

Babu komai. Ruwa.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Monita ta zo. Matar Mai Amalanke ce, ɗalibata ce tun tana 'yar mitsitsiya, ita ke riƙe mini aji in na fita, sunan ya bi ta har gidan miji. Ta dawo daga birni ɗibar kayan sawa. Ta rame, idanunta sun faɗa. Na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, ta durƙusa a bakin ƙofa kamar mai jiran bulala.

Na tambayi mai jiki. Ta ce an sa masa ƙarfe a ƙafar, zai taka amma da sanda, kora shanu kam sai dai wani.

Keken Tela yana ta sukuwa a rumfa.

Ta ce, "Malama, ni na karanta masa allon."

Ta ci gaba.

"Na fito ɗibar ruwa na gani. Na koma da gudu na ce masa kada ya zagaya ta mashiga, albasa za ta jiƙe. Da ya isa ya tarar da duro da ƙaya. Ya ce ya ɗan tsaya. Sai ya ce a ransa, ai in Malama ta rubuta an gama ke nan, mantawa aka yi ba a kwashe ba. Da hannunsa ya janye."

Na ce, "Ya faɗa wa wani?"

"Ya ce zai ce bai tuna komai ba. In ya ce shi ya janye, shi ya karya gadar gari. In ya ce allo ne, ya tona asirin wadda ta koya wa matarsa karatu. Ni kuma ni na tura shi." Ta share ido da gefen mayafi. "Malama, ke ce babba. In kin ce in yi shiru, zan yi."

Yarinyar da na koya wa riƙe fensir, tana tambayata ko ta yi shiru.

Na ce, "Je ki kada mota ta bar ki. Allah ya ba shi lafiya."

Abin da na ce ke nan. Na tsani kaina, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe shida saura na safe

3. An gama gada. Daga yau ana iya wucewa.

Ga shi nan. Kalma takwas, har da jan layi a ƙasa don kada a rasa gani.

Juma'a, 22 ga wata, tsakar rana

Na yi ta saƙa da warwara. Ai ba ni na janye duro ba. Ai mai hankali ba ya ganin ƙaya ya bi rubutu. Ai da Birkila ya biyo ya faɗa mini. Ai da Mai Shago ya iya bakinsa. Na jera su duka kamar yara a layi, na duba farcen kowa, babu mai tsabta.

In na yi shiru, ba mai sani har abada. Monita ba za ta faɗa ba, mijinta ba zai faɗa ba, ruwa kuwa ba ya magana. In na faɗa, shekara goma sha tara sun tafi a layi ɗaya. Ba ni da gona, 'ya'yana sun yi nisa, aji ya zama na wasu. Allon nan ne kawai dalilin da ya sa nake ɗaura ɗankwali da sassafe.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Tela yana ɗinka wata ƙatuwar jaka da tsohon tamfol. Na ce ta wa ce. Ya ce ta Auta ce, ta zuba kayan aiki. Zai bi motar Litinin ya nemi aikin gini a birni, in ya samu wuri ya aiko a kai masa iyali. An fara kiran 'ya'yansa 'ya'yan ɓarawon siminti a makaranta, ƙaramar ta ƙi zuwa tun Laraba.

Mutumin da bai taɓa kwana uku a wajen garin nan ba.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa wa Tela. Ban iya da baki ba, littafin na buɗe masa a shafin Alhamis na ajiye a kan keke. Ya gyara tabarau ya karanta, ya koma baya ya karanta na ranar 6, ya sake dawowa. Ƙafarsa ta sauka daga kan feda. Tun da na aure shi ban taɓa jin rumfar nan ta yi tsit haka ba.

Ya ce, "Kwana goma sha takwas."

Na ce, "Na sani."

"Cikinmu ɗaya da shi, Malama. Kika zuba masa shayi."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ni me kika yi mini? Ba ni za ki faɗa wa ba." Ya ja jakar ya ci gaba da ɗinki. Na ce to me zai yi da jaka kuma. Ya ce shi dai an ba shi aiki, zai gama.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Na je shago na ari wayar. Ita dai wayar, wadda ta jawo. Mai Shago ya danna mini lambar yana murmushi, ya ce yau Gidan Rediyo ya zo neman labari wurin ƙanensa. Na fita waje na yi magana da Monita. Na ce gobe zan rubuta, kuma ba yadda za a yi in rubuta ban taɓo duro ba. Ta ce in jira. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, sai ga muryar mijinta, a dishe.

"Malama, rubuta. Ƙafar ma ba ta hana ni barci kamar wannan."

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bari in sa shi yadda ya faru.

Na isa shida daidai. Gari ya haɗa hadari baƙi ƙirin ta gabas, na ce yau kuma ko ruwan zai sake. Masu jiran mota sun taru a gaban shago da buhuna da kaji. Birkila yana gefe zaune a kan jakarsa, ba mai zama kusa da shi. Tela ya rako shi yana tsaye.

Na goge allon duka. Na rubuta da manyan baƙaƙe:

"Ranar Laraba 6 ga wata, ni na rubuta a nan cewa an gama gada ana iya wucewa. Ban je na gani ba, ban tambayi mai aikin ba. Birkila ya tare hanya da duro da ƙaya. Wanda ya janye su rubutuna ya bi. Ruwa ya wanke allo, na yi shiru kwana goma sha tara. Laifin nawa ne."

Na ɗauka in na ajiye alli na gama. Masu karatu suka karanta, surutu ya mutu, aka fara juyawa ana kallon Birkila. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya shafa fuskarsa ko wani abu ne a jiki.

"Malama, me aka rubuta ne kowa ke kallona?"

Na manta. Wallahi na manta ba ya karatu. Mai Shago ya buɗe baki zai karanta masa, Tela ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Bar ta."

Na karanta masa da bakina, da muryar aji, tun daga farko har ƙarshe, ina kallon sa. A "na yi shiru" na tsaya, na sake. Wata mata ta ce, "Innalillahi." Wani ya yi tsaki. Wanda ya ce a kawo duro ranar taro ya duƙa yana gyara igiyar buhun da ba ta kwance ba.

Birkila ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, da ma fushin ne. Mota ta iso, aka yi lodi, direba ya yi ta danna ham. Ya miƙe ya saɓa jakar a kafaɗa, ya juya ya nufi gida.

Aka fara yayyafi. Na cire mayafina na tsaya na kare rubutun da shi har ruwan ya wuce. Na jiƙe sharkaf, amma ba harafin da ya goge.

Talata, 26 ga wata, yamma

Mai gari ya aiko a gaya mini ya janye dakatarwar. Bai ce in sa a allo ba. Mai Shago ne ya yaɗa ta waya.

Na rubuta cewa masu gyaran famfo za su zo Alhamis. Mai injin niƙa ya karanta ya ce, "Malama, wannan da idonki kika gani?" Ba da wasa ya faɗa ba. Na ce daga bakin mai gyaran na ji. Ya ce to, bari dai ya tambaya.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban yi kuka a can ba, sai da na dawo.

Laraba, 27 ga wata

Birkila bai zo ba. Tela yana amsa mini magana, a gajarce.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na so in ƙi fita. Na ɗaura ɗankwali don sabo kawai.

Tun daga nesa na ji bugun guduma. Tsani ne jingine a bangon shago, Birkila a kai, ƙusoshi a baki. Ya kafa katako biyu a saman allon, ya ɗora fallen kwano a kai, ya yi masa 'yar rumfa mai faɗin kamu biyu. Na tsaya a ƙasa da allina kamar baƙuwa. Ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya girgiza kwanon ya ji ya zauna, ya sauko. Bai gaishe ni ba, ni ma na rasa ta inda zan fara.

Na ce, "Auta, wannan fa?"

Ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu. Ya ɗauki tsani.

"Don kada ruwa ya ƙara taimakon ki, matar yaya."

Ya tafi. Na bi bayansa da ido har ya sha kwana.

Layi ɗaya na rubuta yau, cewa masu gyaran famfo sun iso. Sai da na taka har famfon na gan su tukuna.